Rabona a Gado

Ranar da aka raba gado, Asabar bayan la'asar,
Yaya Barau ya ɗauki gidan Tudun Wada,
Hassu da Lantana suka raba filin Rigasa,
ni kuwa aka miƙo mini makulli ɗaya
ɗaure da igiyar fata da gumi ya mayar baƙa.
Fijo 504 ce. A da fara ce tas,
yanzu ta koma launin haƙorin mai cin goro.

Shekara biyu tana kwance a gindin mangwaro
tun da ƙafar Baba ta daina jin totur.
Kaza har ta yi ƙyanƙyasa a kujerar baya.
Na share, na wanke, na ciyo bashin batir,
na yi bisimilla na murɗa.
Ta yi tari irin nasa na asuba,
ta ja numfashi, ta yi shiru.

Yaran layinmu suka tura ni har bakin kwata,
na saka giya ta biyu, na saki kuloci,
ta zabura kamar an tsikare ta,
ta sake lafewa gaban mai shayi.
Ya ce, Malam, a kira 'yan gwangwan?
Ban tanka ba.

Istifanus na ɗauko daga Kurmin Mashi,
tsohon da suka yi layi ɗaya da Baba a Kakuri
zamanin da ake haɗa irinta a garin nan.
Bai taɓa ta ba sai da ya gaishe ta.
Ya cire tiyon mai, ya ce, Murɗa.
Na murɗa. Ko ɗigo.
Ya ce, Tanki cike, kafireto na ƙishi,
ga ƙoshi ga kwanan yunwa.
Famfo ne, ɗana. Zuciyar ce ta bushe.

Ya kwance shi a kan buhu, dunƙule kamar gwanda ƙarama,
robar ciki ta tsattsage kamar faso.
Don in yarda, ya tsiyaya fetur a murfin gora
ya ɗura mata a maƙogwaro.
Ta tashi!
Na ƙirga bakwai kafin ta mutu.
A cikin bakwai ɗin nan na ji hanyar makaranta,
rediyo na shaƙewa a kan gada,
hannun Baba a ƙirjina duk sanda ya taka birki.

Kwana uku muna yawo a Panteka.
Obiora ya ce a sa na lantarki a huta.
Istifanus ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye:
Ba da wannan muka haife ta ba.
A rumfa ta tara, ƙarƙashin tulin tsatsa,
muka samo nata, da kuɗin da ya fi ƙarfin albashina.

Da ya ɗaura, na kai hannu da sauri.
Ya riƙe ni. Ya ce, Ba haka ubanka yake yi ba.
Murɗa kaɗan, ka saki. Taka totur sau biyu.
Sannan ka zauna.
Na tuna zaman nan.
Kullum safe, hannu a sitiyari, ido a rufe,
mu muna baya ba mai motsi.
Na ce, Ai na zaci addu'a yake yi.
Ya yi dariya har ya kama bonet:
Mai yake jira ya iso.
Ya goge hannu da tsumma, ya ƙara da cewa,
Wa ya sani, ƙila duka biyun.

Yanzu takan tashi, ba kullum ba.
Ran da aka kwana ana ruwa sai in hau Keke.
Barau ya ce in sayar tun tana da daraja.
Na ce masa zan yi tunani,
kuma ina yi,
kowace safiya, tsakanin murɗawar farko da ta biyu.